Musayar Waƙa: NATO a Ƙofar Rasha

Malam Mai Tawada:
Da sunan Allah nake buɗe zance,
Kan ƙawancen soja mai ta yaɗuwa.
A 1949 su 12 suka ƙulla shi,
Yau 32 ne, babu alamar tsayawa.
1999 Polan ta shige, da Hangari da Cek,
2004 ƙasashen Baltik na biyowa.
Mosko na ganin sojan abokan hamayya,
Taki-taki ƙofarta suke matsowa.
Wace ƙasa ce za ta ga wannan,
Ta kwanta barci babu damuwa?

Hajiya 'Yar Birni:
Malam, na ji ka, amma dakata,
Ba wanda aka ja da igiya wajen shigowa.
Estoniya ta ɗanɗana mulkin Sobiyet,
Taragu cike da 'ya'yanta Saiberiya ake kaiwa.
Suwidin shekara 200 tana 'yar ba-ruwana,
Sai 2024 ta ga dole sai shigewa.
Finlan ta ga tankokin Rasha sun doshi Kiyef, babban birnin Yukiren,
24 ga Fabrairun 2022, gari na wayewa.
Gemun maƙwabci ne ya kama da wuta,
Ta shafa wa nata ruwa, ina laifin shafawa?

Autan Zaure:
Malam da Yaya, ku ba ƙaninku wuri,
Ni na bakin ƙofa nake tunawa.
A taron NATO na Bukares, 2008, an ce da Jojiya da Yukiren
Za su shiga, ba a sa ranar shigarwa.
Agustan shekarar yaƙi ya ci Jojiya,
2014 Kirimiya, yankin Yukiren, ake ƙwacewa.
Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO na 'yan ciki ne kaɗai:
A taɓa ɗaya, duka ake taɓawa.
Na waje shi ya kwashi fushin Mosko,
Alkawari a hannu, 'ya'yansa yake binnewa.

Malam Mai Tawada:
Auta, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.
Libiya a 2011 ba na mantawa.
Jiragen NATO sun yi ruwan wuta sun tafi,
Makamai har Mali da Nijar suke kwararowa.

Hajiya 'Yar Birni:
Wannan, Malam, wallahi na ba ka gaskiya,
Sahel har yau kuɗin take biyawa.
Amma Yukiren wa ya ƙetara mata iyaka?
Faɗi sunansa, ni shi nake tuhumawa.
Finlan ta rufe mashigarta da Rasha tun 2023,
Dangi nan, dangi can, ba hanyar gaisawa.
Auta, dawo ka faɗa mana ra'ayinka:
Yukiren a shigar da ita, ko a daina yi mata alkawarin shigarwa?