Madarar gari na ɓata wa ɗana ciki: alaji ne ko rashin narkar da sukarin madara?

Uwar yaro, Garin Malam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan ɗana mai wata 14, wanda har yanzu yana shan mama. Makonni uku da suka wuce ya yi zawo da amai mai tsanani na kwana biyar, muka kai shi asibiti, aka ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, ya samu sauƙi. To amma tun daga lokacin, duk ranar da na dama masa kunun gero da madarar gari kamar yadda na saba, kafin awa ɗaya sai cikinsa ya kumbura yana ƙugi, ya yi ta fitar da iska, sannan ya yi kashi ruwa-ruwa mai kumfa da warin tsami, har ɗuwawunsa sun yi ja sun saluɓe. Ranar da na ba shi kunun ba madara lafiya lau yake wuni. Surukata ta ce haƙora ne, in koma ba shi nonon akuya. Maƙwabciyata kuma ta ce alajin madara ne, in raba shi da ita har abada. Ta yaya ake bambance alaji da rashin narkar da sukarin madara, kuma shin maman da yake sha ma zan cire shi?

Ma'aikaciyar jinya, Zango:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya. Kafin komai, kada ki yaye shi saboda wannan.

Abubuwa biyu ne ake yawan haɗawa, rashin narkar da sukarin madara da kuma alaji, alhali tushensu daban. A cikin madara akwai sukari na halitta da ake kira laktos, kuma akwai furotin, wato sinadarin gina jiki. Hanjin yaro yana samar da wani sinadari mai suna laktas wanda aikinsa shi ne farfasa wannan sukari don jiki ya tsotse shi. Idan laktas ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce zuwa babban hanji ba a narke ba, ya jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriya da ke can su tsamar da shi kamar yadda ƙullu yake tsami idan ya kwana, daga nan ne iska da kumburi da kashi mai kumfa suke fitowa. Wannan matsala ce ta narkewa kawai, iyakarta ciki, kuma yawan madarar da aka sha shi ne yake ƙayyade tsananinta: cokali biyu na iya wucewa shiru, kofi guda ya tayar da ciki.

Alaji kuwa rigima ce tsakanin garkuwar jiki da furotin ɗin madara, jiki ya ɗauke shi abokin gaba ya yaƙe shi. Shi ya sa ba ya tsayawa a ciki kaɗai. Akwai mai saurin bayyana, daga mintuna kaɗan zuwa awa biyu: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari, shaƙewar numfashi. Akwai kuma mai jinkiri, wanda yakan ɗauki awoyi ko kwana biyu zuwa uku, ya fito da bushewar fata mai ƙaiƙayi a kumatu da gaɓoɓi, ko kashi mai majina da zaren jini, ko yawan tumbuɗi da rashin ƙaruwar nauyi. Alaji yakan fara ne tun a shekarar farko, galibi jim kaɗan bayan an soma ba jariri madarar gwangwani ko nonon saniya, kuma ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da shi. Ana ƙiyasta cewa jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ne suke da shi.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne cewa ɗanki ya daɗe yana shan wannan madara lafiya, sai bayan zawo abin ya soma. Laktas yana zaune ne a saman fatar hanji, wurin da zawo mai tsanani yake fara gogewa, don haka yaro kan fito daga ciwon da hanji mai rauni wanda ba ya iya narkar da sukarin madara na ɗan lokaci. Muna ganin wannan sosai a damina. Yawanci cikin makonni kaɗan hanjin yake farfaɗowa da kansa. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma labarin ya fi kama da wannan fiye da alaji. Ki ajiye madarar gari mako biyu zuwa huɗu, ki ci gaba da ba shi mama da abincinsa, sannan ki dawo da ita kaɗan-kaɗan kina lura. Maman uwa ma yana da laktos, har ya fi na saniya yawa, wajen giram 7 a cikin mililita 100 yayin da na saniya bai kai 5 ba, amma yaro yana shan sa ne a hankali sau da yawa, kuma yana ɗauke da abubuwan da suke taimaka wa hanji ya warke. Ki kai shi awo a duba nauyinsa. Idan ya rame, ko zawon ya zarce kwana 14, ko kika ga jini, to a koma wurin likita ba tare da jira ba, domin akwai ƙwayoyin cuta na hanji da suke kawo irin wannan kumburin, kuma suna da nasu maganin.

Uwar 'yan biyu, Birni:

Ni zan yi magana ne a kan nonon akuya, domin na ɗanɗana. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna tana da wata bakwai aka lasa mata furar da aka dama da nono, abin da bai cika cokalin shayi ba. Kafin in gama wanke ƙwarya leɓenta na sama ya kumbura ya juye, wuyanta da ƙirjinta suka fito da tabo ja masu tudu kamar cizon cinnaka, ta yi amai, kuma muryar kukanta ta dushe. A kan babur muka kai ta asibiti, aka yi mata allura a cinya nan take. Ɗan'uwanta da ya sha daga ƙwarya ɗaya ko atishawa bai yi ba.

Bayan watanni wata dattijuwa a gidanmu, da kyakkyawar niyya, ta ce ai na saniya ne mai nauyi, a gwada na akuya. Borin ya dawo kamar na farko. Likita ya bayyana mini cewa furotin ɗin nonon akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, har garkuwar jikin mafi yawan masu alajin ba ta bambance su. Haka kuma madarar da aka rubuta wa "sans lactose" (wato ba laktos) a gwangwani ba ta da amfani ga irin 'yata, tun da sukarin kawai aka cire, furotin yana nan daram. Kindirmo da cuku da man shanu duk na hana ta, kuma na koyi duba bayan ledar biskit ina neman kalmomin "lait" da "caséine" da "lactosérum", wato madara da sinadaranta a Faransanci. Yanzu shekararta huɗu, kuma a bara aka gwada ta da madara a gaban likita, ta sha lafiya. An ce mini yawancin yara suna rabuwa da alajin kafin su isa shiga makaranta. Sai dai duk wanda ɗansa ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, kada ya yi wannan gwajin a gida.

Tsohon malamin makaranta, Sabon Gari:

Malama ma'aikaciyar jinya ta yi bayani mai gamsarwa, ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafe mu manya. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya laktas ɗinsu yana raguwa bayan yaye, kuma wannan ba ciwo ba ne, halitta ce. Fulani da sauran makiyaya da suka gaji shan ɗanyen nono sun fi mu riƙe laktas har girma. Ni kaina idan na sha madara a shayi da safe sai cikina ya yi ta ƙara har azahar, amma fura da nono mai tsami ba ta taɓa damuna ba, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Wannan raguwa ta gado ba kasafai take nuna alama ba kafin yaro ya kai shekara biyu ko uku, saboda haka ba ita ba ce a yaro mai wata 14. Tambayata ga Malama ita ce, ko za a iya ba shi kindirmo a wannan tsakanin?

Ma'aikaciyar jinya, Zango:

Baba, ana iya gwadawa kaɗan tun da babu alamar alaji a jikinsa, da sharaɗin a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma ba a sirka da ruwan da ba a yarda da tsabtarsa ba, don kada a sake jawo wani zawon a kan hanjin da bai gama warkewa ba. Kafin madara ta dawo, miyar kuka da ganyen zogale da riɗi da ƙananan kifi da aka daka suna ba shi sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Uwar yaro, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake duba jikinsa yau da safe ina yi masa wanka, babu ƙuraje ko tabo ko ɗaya, in ban da jan ɗuwawun, shi ma ya fara bushewa tun da na ajiye gwangwanin kwana uku da suka wuce. Ranar Litinin zan kai shi awo. Na karanta wa surukata labarin nonon akuya, ta ce to a bar akuyar da 'ya'yanta, amma maganar haƙora tana nan a kan bakanta.