Ƙaiƙayi da zafin fitsari: ku da kuka sha fama, yaushe kuka je asibiti?

Maman Ilham (Rigasa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ke fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Ta sha kafso daga kemis, ta yi zaman ruwan bagaruwa, abin ya lafa ya dawo. Kunya ta hana ta zuwa asibiti. Wadda ta taɓa shiga irin wannan don Allah ta faɗa mana yadda ta yi.

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Irin nawa ke nan sak. A asibitin Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada aka ɗebi ruwan da ɗan auduga aka kai gwaji, aka ce candida ce, wato ƙwayar cuta irin ta fungus, aka rubuta min clotrimazole na matsawa. Likitar ta ce kafson da na yi ta sha ma ƙara rura abin yake, don yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace. Ta hana ni cusa sabulu ko alif ciki, tsarki daga waje da ruwa kawai, sannan wandon auduga.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, idan yana tafiya yana dawowa a auna suga. Ni ta nan aka gano nawa.

Amaryar Malali: Nawa daban ne. Ruwa-ruwa ne, kore-kore, ga wari. Na sha Flagyl na warke, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ashe trichomonas ce, wadda ake ɗauka ta saduwa. Sai da aka haɗa mu da maigida da abokiyar zamana muka sha magani lokaci guda, aka ce a dakata da kwanciya har a gama. Shawo kan maigida ya fi shan maganin wuya, wallahi, shi a ganinsa tunda ba ya jin komai lafiyarsa ƙalau.

Anti Nas (Kakuri): Maman Ilham, ki tambaye ta ko tana jin zafi in tana fitsari, ko tana yawan zagawa amma ɗan kaɗan ke fita. Wannan na mafitsara ne, fitsari ake aunawa, maganinsa ma daban. In ya haɗu da zazzaɓi, rawar sanyi, amai ko ciwon kwiɓi, ya kai ƙoda ke nan, a tafi ranar. Mai ciki kuwa ko zafin kaɗan ne kada ta jira ranar awo, yana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Kuma mai ciki kada ta sha fluconazole, maganin candida na sha, da kanta.

Maman Twins: Ƙanwar mahaifiyata jini ta riƙa gani bayan al'ada ta ɗauke mata da shekaru. Aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida. Da aka kai ta asibitin Barau Dikko, dajin bakin mahaifa ne. Jini bayan saduwa ma haka, ba a zama da shi. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan daji, an fara shi a Najeriya a 2023 kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, na kai tawa.

Maman Ilham (Rigasa): Allah Ya ba ta lafiya. Na gode ƙwarai. Babu zafin fitsari, ta ce, ƙaiƙayin ne kawai. Ummu Sadiq, tana al'ada yanzu, za a iya ɗibar gwajin ko ta bari ta yi wanka?

Ummu Sadiq: Ni an ce min in bari jinin ya ɗauke, kuma kada in matsa komai kafin in je. Ki raka ta da sassafe, layin kati na da tsawo.