Taku ɗaya ya ɓata, wa ya kayar da su?

Bazazzagin Manchester: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Wata takwas ke nan ina koyon rawar Turawa ta mutum biyu, wadda namiji da mace ke riƙe juna suna kewaya fili. Jiya aka yi mana 'yar gasa ta masu koyo. Muna cikin wals, mai ƙirgen ɗaya-biyu-uku, sai na jefa ƙafar hagu inda dama ta kamata. Taku ɗaya tal! Maimakon abokiyar rawata ta bari mu jira "ɗaya" na gaba mu ɗora, sai ta ƙame a tsakiyar fili tana hararata. Zagayen farko aka sallame mu. Ni dai na ce tsayawarta ce ta kayar da mu. Kiɗan bai kai minti 2 ba, fili cike da mutane, alƙali 'yan daƙiƙu yake kallonka ya wuce. Ɓataccen taku ba kowa ke gani ba, amma mutum ya tsaya kamar turke, wa zai rasa ganinsa? Kuma a ƙa'idar rawar namiji ke ja, aikinta ta bi.

Anti Mai Atamfa: "Aikinta ta bi." To fa, an zo wurin. Ka taka ba daidai ba, kuma ta bi ka cikin ɓata? Raƙumi da akala ka samu?

Bazazzagin Manchester: Anti, ba ni na ƙirƙiro ba. Haka ake koyarwa, ɗaya na ja ɗaya na bi. Lambar gasa ma a bayan namiji ake maƙala ta.

Anti Mai Atamfa: Madalla. Tunda lambar a bayanka take, laifin ma ka goya shi.

Ɗan Kurmi: Ni bin da na sani shi ne bin bashi. Bazazzagi, dubu ashirin ɗina fa, tun kafin ka hau jirgi. Ashe kuɗin koyon tsalle suka tafi.

Bazazzagin Manchester: Bakano ko a maƙabarta sai ya yi ciniki. Ka same ni ta waya.

Baban Yara: Ai bi ba bauta ba ce. Ko liman ya yi mantuwa, na bayansa sukan tunasar da shi, ba ficewa suke daga sahu ba.

Malam Na Ƙofa: Subhanallahi! Baban Yara, ka janye. Ina sallah ina rungume-rungume? Kuma ni tambayata ga ɗanmu: ita wannan da kake riƙewa, muharramarka ce?

Baban Yara: Allah ya gafarta Malam, misali na kawo a kan kalma, ban haɗa su ba.

Malam Na Ƙofa: Ba kowane misali ake kawowa ba.

'Yar Damagaram a Liyon: Ku yi haƙuri in sa baki, na yi shekara biyu ina wannan rawa. Yaya Bazazzagi ya faɗi rabin gaskiya. Eh, ba a tsayawa. In taku ya ɓace, ana riƙe tsayuwar jiki yadda take, hannunsa na dama a kan allon kafaɗarta, a ɗan jinkirta a kan ƙafa ɗaya kamar da gangan, a shiga da bugun farko na gaba. Akwai takun jinkiri da ake koyarwa, masu gasa na fakewa da shi in hanya ta toshe. Fuska kuma ba ta nuna komai. Amma "bi" ɗin nan ba na makaho da ɗan jagora ba ne. Ana kewaya fili saɓanin tafiyar agogo, ita fuskarta na kallon hagu ta saman kafaɗarsa, don haka ita ke ganin abin da ke bayansa. In zai yi karo da wasu, ita ke matsa masa hannu ya dakata. Kuma in ka ɗora nauyinka a ƙafar da ba ita ba, ba ta da inda za ta sa tata sai a kan takalminka. Yaya, da ka ɓata, ka nuna mata da jikinka ƙafar da kake kai, ko ka ci gaba da turawa?

Ɗan Kurmi: Badamagariya ma ta iya rawar Nasara? Duniya ta zo ƙarshe.

'Yar Damagaram a Liyon: Bakano, je ka karɓi bashinka.

Maman Ilham: Ni kalmar ce ba ta yi mini ba. Me ya sa ba a ce "amsawa" ba? Kullum mace ce mai bi, a gida bi, a rawa ma bi.

Baban Yara: Hajiya, Turawan da kuke yabo ne suka tsara haka. A Blackpool ta Ingila tun 1920 ake gasar irin wannan rawa, ba mu muka rubuta musu ba.

Maman Ilham: Wa ya yabi Turawa? Nuna mini inda na yabe su.

Ɗan Kurmi: Ai rawar ma ta Faransa ce.

'Yar Damagaram a Liyon: A'a, wals daga ƙasashen masu jin Jamusanci ta fito. Ta Vienna ma saurinta ya ninka na wadda Bazazzagi ya yi, zagaye ne ba numfashi. Can zai ɓata taku mu ga tsiya.

Bazazzagin Manchester: Jama'a, tambayata fa ita ce: wanda ya tsaya ko wanda ya kuskure?

Malam Na Ƙofa: Tawa tambayar ma ba ka amsa ba. Mahaifiyarka ta san da wannan?

Bazazzagin Manchester: Malam, don Allah a bar Hajiya a gefe.

Anti Mai Atamfa: To, a matsayina na mai kula da zauren nan, zan rufe haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: mai ƙorafi ya amsa da bakinsa cewa shi ya fara ɓata taku. Ƙanwarmu ta Damagaram, wadda ita kaɗai ta san abin, ta tabbatar mace ce idon namiji a fili, saboda haka maganar "aikinta ta bi" ta faɗi. Batun tsayawa ban ga wanda ya kawo hujja a kai ba. Bazazzagi zai ba yarinyar mutane haƙuri, ya kuma biya Ɗan Kurmi kuɗinsa kafin Juma'a. Na kulle.