In zauna da uwar mijina kamar Rut, ko in koma gida?

Maman Talatu, Mabera:
Salama gare ku. Watan jiya mijina ya cika shekara da rasuwa, kuma shi kaɗai Inna ta haifa. Yayyena a Zuru sun matsa in kwashe yara in koma gida. Ranar Laraba a zumuntar mata muka karanta littafin Rut sura 1 a Littafi Mai Tsarki, inda Na'omi ta rasa miji da 'ya'ya biyu a Mowab, ta sallami surukanta, amma Rut ta ƙi tafiya, ta ce mutanen Na'omi su ne mutanenta, Allahnta kuma nata ne. Da na dawo na tarar Inna ta ajiye mini fura, ta rufe da faifai, tana gyangyaɗi a bakin ƙofa tana jirana. Kuka ya ƙwace mini. In na tafi, rashin bangaskiya ne?

Mama Saratu, Arkilla:
'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Ki sake duba surar. Orfa, ɗayar surukar Na'omi, ita ma ta yi kuka, ta sumbaci Na'omi, ta koma, kuma ba inda aka zage ta. Na'omi ce da bakinta ta ce su tafi. Abin da ke taɓa ni game da Rut shi ne ba wanda ya tilasta mata. Kuma da suka isa Baitalami lokacin girbin sha'ir ba ta naɗe hannu ba, kala ta fita a gonar Bo'aza tun safe har yamma, ta sussuka, ta kawo wa tsohuwa, har da ragowar abincin da aka ba ta a gona. In za ki zauna, ki fara tunanin abin da za ku ci.

Hajiya Luba, Runjin Sambo:
Ni Musulma ce, amma na yi takaba, na san wannan ɗacin. Na ji an ce daga zuriyar wannan baiwar Allah, Rut, Annabi Dawuda ya fito. Ƙanwata, kin tambayi Inna abin da take so? Tawa surukar kunya ce ta hana ta cewa in zauna, sai bayan shekaru na sani.

Maman Talatu:
Haka ne Hajiya, Rut ta haifi Obida, kakan Dawuda. Ban tambaye ta ba, tsoron amsar nake ji. Yau in yara sun yi barci zan shimfiɗa tabarma kusa da ita. Ku sa mu a addu'a.