Ta ina zan fara rage tarkacen manhajojin shagonmu?

Assalamu alaikum jama'a. Sarin atamfa muke yi a Kantin Kwari, shekara 9 ke nan, kuma kowane yaro ya zo da nasa tsarin. Lissafin kaya yana Excel, bashi rabi a WhatsApp rabi a littafi, ga na'urar POS har uku. Tsohuwar kwamfutar kuwa, wanda ya san lambar sirrinta ya bar aiki tun bara.

Na gwada haɗe komai a Google Sheets, alƙaluman bashi suka ƙi daidaita, don mutum ɗaya an rubuta sunansa iri uku. Don Allah wanne zan fara ajiyewa, kuma yaya zan kwashe bayanan ba tare da kuɗinmu sun salwanta ba? Maigida dai da littafinsa kaɗai ya yarda.