Bashin katin banki ya kai mini iya wuya a Kanada, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Winifeg, ina aiki a wani sito. Bashin katuna uku ya taru a kaina, kusan dala 31,000. Wani na ci shi lokacin da aiki ya tsaya, wani kuma rashin lafiyar mahaifiyata ce a gida. Ruwan da ake ɗora mini kusan kashi 20 cikin ɗari ne, ina zuba wajen dala 600 duk wata amma sama da 500 a ruwa take tafiya, uwar kuɗin ko gezau. Wani abokin aiki ya ce in yi konsuma furofozal, wato tayin sulhu da masu bina bashi ta hanyar doka. Na kuma ga tallar wani kamfani da ya ce in ba shi kuɗi ya shirya mini komai. Babbar damuwata ita ce ina son ɗauko iyalina daga Kano. Wannan furofozal zai toshe mini hanya? Kuma motata fa?

Wani yaya daga Kalgari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, kada ka ba kamfanin nan ko sisi. A dokar Kanada mutum ɗaya ne ke da ikon shigar da wannan takarda, shi ne tirasti mai lasisi, wato amintaccen da ke shiga tsakanin mai bashi da masu binsa, wanda ake kira LIT, kuma ofishin gwamnatin tarayya mai kula da harkar fatarar kuɗi, OSB, shi ke ba su lasisi. Sunayensu na nan a shafin ofishin. Zaman farko yawanci kyauta ne, ladansu kuma doka ce ta ƙayyade shi, daga cikin abin da kake biya duk wata ake cirewa. 'Yan tsakiyan nan kuɗinka za su karɓa, daga ƙarshe su tura ka wurin tirastin da za ka iya zuwa da ƙafarka.

Abin a taƙaice tayin sulhu ne. Tirasti zai duba albashinka da abin da ka mallaka, ku tsara cewa za ka biya wani kaso na bashin cikin lokacin da bai wuce shekara 5 ba. A ce misali an daidaita a kan dala 12,000 cikin wata 60, ka ga 200 ke nan a wata. Misali kawai na ba ka, naka lissafin zai iya fin haka. Ranar da aka shigar da takarda ruwa ya tsaya, kiran masu karɓar bashi ya tsaya, ba mai taɓa albashinka. Masu binka suna da kwana 45 su amsa, kuma ƙuri'ar da nauyin dala ake ƙirga ta, ba da yawan bankuna ba. Idan masu fiye da rabin kuɗin suka yarda, ya hau kan sauran ko suna so ko ba sa so. Iyakar bashin da ake karɓa dala 250,000 ce ban da bashin gidan da kake zaune, don haka kana ciki.

Hajiya daga Toronto:
Ɗana, a kan maganar iyali ka kwantar da hankalinka. Wanda dokar shige da fice ta hana ɗauko iyali shi ne wanda aka ayyana ya karye gaba ɗaya kuma ba a sallame shi ba tukuna. Tayin sulhu daban yake da wannan. Duk da haka ka faɗa wa tirasti nufinka tun zaman farko, kada a karkata da kai wancan ɓangaren. Mota kuma idan bashi ne a kanta, ba ta shiga sulhun. Ka ci gaba da biya, ka ci gaba da hawa.

Wani ɗan uwa daga Edmonton:
Ni ban ga dalilin gaggawa ba. Kowa na faɗin daɗin abin, ba a faɗi ɗacinsa ba. Za a rufe katunan nan, a sa maka R7 a tarihin bashinka, wato alamar cewa da sulhu kake biyan bashi, kuma tabon yakan zauna har shekara 3 bayan ka gama biya. Mai shirin kawo mata zai nemi gidan haya babba, masu gida da yawa kuwa sai sun duba tarihin nan. Sunanka ma zai shiga rajistar gwamnati da kowa zai iya bincikawa idan ya biya. Akwai ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi marasa neman riba da ke roƙon banki ya rage ko ya cire ruwa, kai kuma ka biya uwar kuɗin duka. Ka fara gwada su.

Yaya na Kalgari:
Gaskiya ka faɗa, amma yi lissafi. Dala 31,000 cikin wata 60 ta haura 500 a wata ko babu ruwa. Idan yana iya wannan, madalla. Mutumin da ya ce wuya ya kai, ban zaci zai iya ba. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne kada ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa don a yarda da wuri. Biyan wata uku ya taru a kanka, sulhun ya rushe, bashin ya dawo. Akwai kuma zama biyu na koyon tsara kuɗi, dole ne.

Wata 'yar uwa ma'aikaciyar lissafi:
Abu biyu da ake mantawa. Idan albashinka na shiga bankin da ke binka bashin kati, buɗe asusu a wani banki kafin a shigar da takarda, don suna iya cire kuɗinsu daga ciki. Sannan idan wani ya sa maka hannu a ɗaya daga cikin bashin, shi za a koma bi, sulhunka bai wanke shi ba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya, tarar kotu, da bashin karatu na wanda bai cika shekara 7 da barin makaranta ba, ba sa faɗuwa.

Wani malami:
Bawan Allah, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta ce yafewa ta fi alheri. Abin da mai haƙƙi ya yafe bisa sulhu ya yafu. Sai dai a nan rinjaye ke tilasta wa wanda bai yarda ba, wannan gaɓar ka zauna da malamin masallacinku ka kai masa takardun a hannu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya kin sauke mini nauyi. Na bar maganar kamfanin can, na nemo tirasti biyu a garinmu zan ji ta bakin kowanne. Yaya, tambaya ɗaya ta rage: idan albashina ya ƙaru a tsakiya, za a ƙara mini biyan?

Yaya na Kalgari:
A'a, abin da aka sa hannu a kai shi ne. Idan ka samu sarari ma kana iya biyewa da wuri, babu tara, kuma shekara ukun nan ta fara ƙirguwa da wuri. Ka tafi da takardun albashi da bayanan katunan duka uku.