Satar fasaha ya yi min ko arashi aka yi? Ku taya ni dubawa

'Yar Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai kwana biyu, na ga gara in ji ta bakinku kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Katsina. Kusan shekara uku ke nan ina ɗan rubuce-rubuce a Facebook kan kayan gidajenmu da suke ɓacewa, su akushi, tulu, faifai, maburgi. Masu karanta ni ba su taka kara sun karya ba, in rubutu ya yi farin jini mutum arba'in su yaba. Mako uku da suka wuce na yi rubutu a kan gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, yadda yake bin lungu yana cigiyar fasasshiyar ƙwarya, ya zauna a zaure ya huhhuda gefen tsagar da basilla ya ɗinke ta. Na ce roba ce ta kashe sana'ar. A tsakiya na kawo labarin ƙwaryar Iya, kakata, wadda take da ɗinki bakwai, kuma kowane ɗinki da sunan jikan da ya fasa ta. In za ta dama fura sai ta riƙa bin su da yatsa tana cewa wannan na wane ne ranar da ya yi tuntuɓe da turmi, wannan na wance ne. Na huɗu nawa ne.

Kwana tara bayan nan ƙawata ta turo min hoton rubutun wani marubuci mai dubban mabiya. Shi ma gyartai. Shi ma roba ce ta kashe sana'ar. Shi ma fura ta fi daɗi a ƙwarya. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi: wai goggonsa tana da ƙwarya mai ɗinki bakwai, kowane ɗinki da sunan yaron da ya fasa. An yaba masa sama da sau dubu, har ana ce masa ya sa mutane hawaye.

Ban ga jimlar da ya ɗauka sukutum ba, kalmomin ya juya su. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma a tambaye ni. Tambayata, ta yaya mutum zai gane an yi masa sata, ta yaya zai gane arashi ne kawai?

Na Sabuwar Unguwa:

Haba Malama, wane irin arashi? Ɗinki bakwai fa kika ce. Ki haɗa hotunan rubutun biyu da kwanan watansu ki watsa, mu kuma mu taya ki yaɗawa. Manyan nan sun saba kiwon shafukan ƙanana kamar akuya a gonar wake.

Malamin Larabci, Daura:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ɗan Sabuwar Unguwa, a yi haƙuri a mai da wuƙar kube tukuna, kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan rigimar ta girmi intanet da sama da shekara dubu. Masana adabin Larabci sun ware mata babi guda da suke kira sariƙat, wato sace-sacen mawaƙa, suka kuma ware abin da suke kira tawarud, inda tunanin mutum biyu yake sauka a mashaya ɗaya ba tare da ɗaya ya ji na ɗaya ba. Suna misalta shi da kofato da ya faɗa kan sawun kofato: doki biyu suka bi hanya ɗaya, dole wani sawun ya hau wani. A cikin mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi da ta Ɗarafa, wato shahararrun ƙasidun waɗannan mawaƙan Larabawa biyu na zamanin Jahiliyya, akwai baiti guda da suka zo iri ɗaya sak, kalmar ƙarshe kawai ta raba su, ɗaya ya ce "tajammali", ɗaya ya ce "tajalladi". Har yau in na karantar da wurin sai ɗalibai sun kasu biyu.

Jahizu na Basra, babban marubucin Larabci, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya ce ma'anoni a zube suke a kan hanya, Balarabe da Ba'ajame, ɗan ƙauye da ɗan birni, kowa ya san su, inda ake nuna gwaninta shi ne zaɓen lafazi da kyan saƙa. To mu ɗora rubutunki a kan wannan ma'auni. Cewa roba ta kashe sana'ar gyartai, wannan a zube yake a hanya, kowace tsohuwa daga nan Daura har Funtuwa za ta gaya miki. Cewa fura ta fi daɗi a ƙwarya, ko Fulanin da ke tallar nono a bakin tasha sun riga ki. Bakwai ɗin ma kada ki jingina da shi sosai. Bakin Bahaushe ya saba da bakwai: Hausa bakwai, Banza bakwai, ranar suna kwana bakwai. Ki ce wa mutum goma su ƙirƙiri adadin ɗinki, da wuya rabinsu ba su ce uku ko bakwai ba.

Wurin da na ɗan tsaya shi ne sanya wa kowane ɗinki sunan yaro. Wannan ba a hanya yake ba, a tsakar gidanku yake. Amma ban isa in rantse cewa a duk ƙasar Hausa Iyarki kaɗai ta taɓa yin haka ba.

Sai tambaya ɗaya, ki amsa wa kanki tsakani da Allah: ke me ya tuno miki da gyartai a wannan makon? Kin ji wani abu ne, ko kin gani?

Mai Jan Biro:

Malam ya yi magana. Ni ta fannin aikina zan zo, shekara goma sha huɗu ina makin takardun lissafi a sakandare.

In yara biyu suka samu amsa daidai, ba na zargin kowa, ai hanyar daidai ɗaya ce. Amma in amsar 48 ce, su biyun suka rubuta 53, kuma a layi na uku dukansu suka manta da alamar ɗebewa, ba na bukatar shaida. Sai in tambayi wa ya zauna kusa da wa. Kuskure shi ne yake tona asirin mai kwafe, don mai kwafe ba ya tsayawa ya tace, har tsakuwar yake kwashewa da shinkafar. Masu zana taswira sun daɗe da gane wannan. A shekarun 1930 wani kamfanin taswira a Amurka ya ƙirƙiri wani gari da babu shi, Agloe, ya dasa shi a taswirar jihar New York, don duk wanda garin ya ɓulla a tasa taswirar a san inda ya samo.

Saboda haka Malama ki daina kallon inda kuka yi daidai, ki nemi inda kuka yi kuskure tare. Kuskuren rubutu, sunan wuri da kika rubuta ba daidai ba, kalmar da ke kaɗai kike amfani da ita. Sannan ki duba jeri. Mutum biyu za su iya kawo abu biyar iri ɗaya a kan gyartai, amma su jero su ɗaya bayan ɗaya a tsari guda, har inda kika yi ratse shi ma ya yi ratse, wannan ya wuce sawun kofato. Ki kuma karanta tsofaffin rubuce-rubucensa kamar goma, ki ji muryarsa, sai ki dawo ki saurara ko akwai sakin layin da muryar ta sauya.

Tambayar da Malam ya yi miki ma tana da tushe. A 1858 masanin halittu Darwin yana Ingila ya shekara kusan ashirin yana tara bayanai kan yadda jinsunan halittu ke sauyawa a tsawon zamani, sai ga wasiƙar wani masanin halittu, Wallace, daga tsibiran Indunusiya ɗauke da kusan ra'ayinsa. Ba maganar yarda da ra'ayin nasu nake ba, kada a taso min. Abin lura shi ne su biyun sun karanta rubutun masanin tattalin arziki Malthus a kan yawan jama'a da ƙarancin abinci, rijiya ɗaya suka sha. Aka karanta takardunsu tare a taro guda a Landan ranar 1 ga Yuli na shekarar.

Ɗalibin Lauya:

Ta ɓangaren doka a taƙaice, Anti. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ba ta kare ra'ayi ko tunani, yadda aka zuba shi a rubuce take karewa. Ba sai kin yi rajista ba, da kin rubuta naki ne, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata daga intanet. Amma wanda ya kwashe labarinki ya sake masa riga yana iya tsallake kotu ya kasa tsallake kunya, abu biyu ne daban. Kafin ki yi masa magana ki ɗauki hoton rubutunsa da kwanan wata, ki kuma buɗe tarihin gyaran rubutun, don Facebook yana nuna abin da aka sauya da lokacin da aka sauya. Kada ki kira shi ɓarawo a fili ba hujja, sai reshe ya juye da mujiya.

'Yar Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi aikin gidan da kuka ba ni, ga sakamako.

Baba Malam, tambayarka ta kama ni. Da na zauna na tuna, ranar wata Asabar ina wanke-wanke rediyo tana kunne, aka yi hira da wani dattijo a shirin sana'o'in gargajiya, a nan na ji kalmar gyartai bayan shekaru ban ji ta ba. Har maganar roba daga bakin dattijon ta fito, ni kuwa na rubuta ta kamar daga kaina ta tsiro, ban ambaci shirin ba. Na ji kunya da na gano haka. In shi ma ya saurari shirin, to farkon rubutunsa da ƙarshensa ba ni da ta cewa a kai, kuma da na sake karanta su da sanyin rai na ga ba su ma bi tsarina ba. Shi ya yi maganar masu sassaƙa turmi da maƙera, ni ban taɓo su ba.

Tsakiyar ce matsalar. Na bi shawarar Mai Jan Biro na karanta rubutunsa goma sha biyu. Mutumin nan Kananci yake rubutawa tsantsa, ko'ina "fura", ko'ina "'ya'ya". Ni ma a rubutu haka nake yi, amma a labarin Iya na bar maganarta yadda take faɗa da Katsinancinta, na sa "hura", na sa "ɗiyan nan sun gama da ƙwaryata". A rubutunsa fura ta fito sau shida. Biyar "fura" ne. Guda ɗaya, a bakin goggon tasa, "hura". Layi biyu a ƙasa kuma ga "ɗiyan nan". Sannan ni na yi ratse a wurin na ce Iya ba ta yarda a wanke ƙwaryar da sabulu, sai na dawo kan ɗinki. Shi ma a daidai gurbin ya yi ratsen sabulu ya dawo.

Ban watsa komai ba, Na Sabuwar Unguwa ka yi haƙuri. Saƙo na tura masa ta akwati, na yi sallama, na ajiye masa sakin layin biyu gefe da gefe, na ce ina neman bayani. Sai da ya kwana ya amsa. Ya ce wai a wani zauren WhatsApp aka turo labarin ƙwaryar ba suna, ya ɗauka irin labaran nan ne da ba su da mai su, shi ya sa ya saƙa shi cikin nasa. Wannan kam zai iya yiwuwa, na san yadda ake yanke sunan mutum a tura rubutu. Abin da na tambaye shi, kuma har yanzu bai amsa ba, shi ne yadda aka yi abin da ba shi da mai shi ya zama na goggonsa. Ya dai ƙara layi ɗaya a ƙasan rubutun cewa labarin ƙwarya daga wurina ya samo asali. Goggon tana nan a ciki bai cire ta ba.

Malamin Larabci, Daura:

Madalla da kika bi ta akwati. Ke ma sai ki koma naki ki ƙara layin dattijon rediyo.

'Yar Ƙofar Sauri:

Na ƙara tun jiya da dare, Baba.

Yau kuma bayan an tashi daga makaranta na biya ta Ƙofar Marusa gidan gwaggona, don ƙwaryar a wurinta take tun rasuwar Iya. Ta sauko min da ita daga saman kwaba, duk ƙura, na goge da gefen mayafina na bi ɗinkin da yatsa. Shida ne. Na ƙirga sau uku, gwaggo ma ta sa tabarau ta ƙirga, ta ce ita tun da take ba ta taɓa sanin na bakwai ba. Yanzu ina tunanin ko in gyara nawa in koma shida, in zuba ido in ga ko ƙwaryar goggonsa ma za ta rage ɗinki ɗaya.